Idan hunturu ya ƙi sanyi: halin da ƙananan filayen zamiyar ƙanƙara suke ciki

A watan Yunin 2023 majalisar garin Faverges-Seythenex, wani gari mai mutum wajen 7,500 kusa da tafkin Annecy a gabashin Faransa, ta yanke hukuncin rufe La Sambuy. Ɗan ƙaramin filin wasan zamiya ne a kan dusar ƙanƙara, ya shekara kusan 60 yana aiki, kuma a nan 'ya'yan garin da jikokinsu suka koyi tsayuwa a kan katakon zamiya. Magajin garin, Jacques Dalex, bai yi kwana-kwana ba wajen faɗin dalili. A da ƙanƙara kan sauka tun farkon Disamba ta kai ƙarshen Maris. A hunturun da ya gabaci rufewar kuwa mako huɗu kacal aka samu, kuma ba a jima ba duwatsu suka fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗan abin da ya zuba. Filin na jawo wa garin asarar wajen Yuro 500,000 duk shekara. Kula da kujerun igiyar da ke hawa da mutane kan dutsen kaɗai yana cin Yuro 80,000 a shekara.

Wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin zai iya cewa wannan ai kukan masu ƙoshi ne. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, domin zamiya wasa ne mai tsada. Sai dai idan aka rufe irin wannan fili, attajirin da ya saba zuwa ba ya rasa komai, mota zai shiga ya ƙara gaba zuwa dutse mafi tsawo. Masu kwana da baƙin ciki su ne mai gasa burodi na ƙauyen, da matar da ke ba da hayar takalman zamiya, da malamin da ke koya wa yara, da makiyayin da ke tatsar shanu da bazara sannan ya tsaya gadin kujerun igiya da hunturu don ya cike gurbin shekararsa. Su ne dalilin da ya sa na ga batun ya cancanci a zauna a warware shi.

Abin da filin zamiya yake sayarwa a zahiri shi ne hawa dutse. Mutum ya yanki tikiti, kujerar da ke rataye a igiyar ƙarfe ta ɗauke shi zuwa ƙololuwa, ya zamo ƙasa, ya sake hawa. Kuɗin da ake kashewa don wannan ya yiwu kuwa kusan ba ya motsi, ko mutum dubu ne suka zo ko mutum goma. Tun da kaka za a ɗauki ma'aikata, a biya inshora, a gyara katafilar da ke baje ƙanƙara da daddare, a ajiye masu ceto ko da wani zai karye. A Faransa doka ta wajabta a yi wa kowane layin kujeru babban bincike bayan shekara 15 da kafa shi, a sake bayan wasu 10, daga nan kuma duk shekara 5, inda ake kwance manyan sassa a duba su ɗaya bayan ɗaya. Wato tsufan inji na ƙara yawan binciken, kuma ƙananan filaye su ne masu tsofaffin injina. Sabon layin kujeru na zamani kuwa miliyoyin Yuro ne. Duk wannan sai an biya kafin ƙwayar ƙanƙara guda ta faɗo.

Ciniki kuma a 'yan makonni yake taruwa. Akwai mako biyu na hutun Kirsimeti da sabuwar shekara, sai hutun makarantu na watan Fabrairu, wanda a Faransa ake rarraba shi tsakanin shiyyoyi har ya kai wajen mako huɗu. Nan ne tsokar take. Saboda haka jimillar ƙanƙarar da ta zuba a shekara ba ta faɗin komai game da aljihun fili. Kowane manomi ya san bambancin damina mai yawan ruwa da damina mai ruwa a kan kari. Ƙanƙarar da ta zubo da yawa a tsakiyar Maris, bayan yara sun koma makaranta, tamkar ruwan da ya sauka bayan gero ya riga ya bushe ne. Ranar 1 ga Janairun 2023, a tsakiyar hutun da ake sa rai da shi, zafi ya haura digiri 20 a garin Delémont na Suwizalan. Hotunan wancan makon sun zaga duniya: tuddai kore shar, da siririn zaren farar ƙanƙarar inji guda ɗaya yana gangarowa a tsakiya kamar an shimfiɗa rawani a kan ciyawa. Filin da ya rasa wannan hutu ya riga ya faɗi, ko da sauran hunturun ya yi kyau.

Akwai wani abu kuma da masu harkar suka daɗe da lura da shi. Mutumin birni yakan yanke shawarar zuwa dutse ne da abin da ya gani ta tagarsa. Idan ruwan sama yake gani a ƙofar gida, ba ya ɗaukar yara ya fita, ko da a can sama an yi fari fat. Ƙananan filaye kuwa da irin waɗannan maƙwabta suke rayuwa, masu zuwa da safe su koma da yamma. Manyan filaye baƙinsu sun biya otal da jirgi tun watanni, dole su zo.

Masana sun daɗe da wani ma'auni da suke kira ƙa'idar kwana 100. Ana ɗaukar fili a matsayin abin dogaro idan yana samun ƙanƙara mai kaurin santimita 30 na tsawon kwana 100 a hunturu, a shekara 7 cikin 10. Wani rahoton 2007 na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki, ya auna filaye 666 na tsaunukan Alps da ke tsakiyar Turai da wannan ma'auni, ya ga 609 sun cika shi. Ya ƙiyasta cewa ƙarin zafin digiri 1 zai mayar da su 500, digiri 2 ya mayar da su 404, digiri 4 kuma 202. Lissafin da ke ƙarƙashin haka mai sauƙi ne: duk ƙarin digiri guda yana tura iyakar da ƙanƙara ke zama sama da kimanin mita 150. Dutse kuwa ba ya ƙara tsawo. Filin da ƙololuwarsa ta wuce mita 3,000, irin su Val Thorens ko Tignes na Faransa, yana da wurin gudu. Wanda ya fara a mita 1,100 ya ƙare a 1,800 ba shi da shi.

Binciken baya-bayan nan bai kawo sauƙi ba. Wani nazari na 2021 da ya tattara bayanan tashoshin auna yanayi na Alps daga 1971 zuwa 2019 ya nuna cewa a ƙasa da mita 2,000 lokacin ƙanƙara ya ragu da kwana 22 zuwa 34. A Agustan 2023 kuma mujallar Nature Climate Change ta buga aikin Hugues François da abokansa a kan filaye 2,234 a ƙasashen Turai 28. Idan zafin duniya ya ƙaru da digiri 2, kashi 53 cikin 100 za su shiga babban haɗarin ƙarancin ƙanƙara. Idan ya kai digiri 4, kashi 98 ne. Da aka sa ƙanƙarar inji a lissafin, aka ɗauka ta rufe rabin kowane fili, adadin ya sauko zuwa kashi 27 da kashi 71.

Wannan ragin shi ya sa kowa ya ruga sayen injin feshi, kuma a nan ne nake ganin ƙananan filaye suka shiga tsaka mai wuya.

Ƙanƙarar inji ruwa ne da iska kawai. Ana tura ruwa da ƙarfi ta ƙananan ƙofofi, ya fita kamar hazo, ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. Ta wata fuskar ta yi kama da noman rani, inda mutum ya daina jiran sama ya sayi injin ban ruwa. Amma mai noman rani yana da tabbacin rana, man fetur da ruwa kaɗai yake nema. Mai feshin ƙanƙara kuwa, bayan ya sayi inji ya haƙa tafki ya binne bututu ya jawo lantarki, har yanzu sai ya jira sanyi, domin injin ba ya aiki sai yanayi ya sauka wajen digiri 2 ƙasa da sifili, kuma gwargwadon laimar iska gwargwadon ƙarin sanyin da ake buƙata. Ma'aikatan kan kwana a farke suna duban ma'auni. Sanyi ya sauka da ƙarfe biyun dare, su buɗe famfuna, su bi layin injina a cikin duhu suna gyara bakin kowanne. Ya ɗaga da asuba, su rufe. Wani lokaci a tara tulin kwana huɗu, a baje shi, sai iska mai ɗumi ta kaɗo da ruwan sama ta wanke rabi a dare ɗaya. Kuɗin lantarki da na albashi sun riga sun tafi, ga su can suna gangarawa rafi.

Ruwa mita-kubik ɗaya yana ba da ƙanƙara kamar biyu, kuma kadada guda ta hanyar zamiya takan sha dubban mita-kubik a hunturu. Shi ya sa ake haƙa tafkuna a kan duwatsu, abin da ke jawo rigima da manoma da masu kare muhalli. A Italiya kusan kashi 90 cikin 100 na hanyoyin zamiya da inji suka dogara, a Ostiriya wajen kashi 70, a Suwizalan kusan rabi, a Faransa wajen kashi 40. Babban fili yana raba wannan tsada a kan miliyoyin tikiti. Ƙarami yana raba ta a kan 'yan dubbai, kuma shi ne yake ƙasa inda dararen sanyi suka fi ƙaranci. Wato wanda ya fi buƙatar maganin shi ne wanda ya fi kasa sayensa, kuma ko ya saya shi ne maganin ya fi ƙin yi wa aiki. Da farashin lantarki ya yi tashin gwauron zabo a Turai a 2022, aka shiga kukan targaɗe sai ga karaya.

Matsin ya kai wasu ga abin da hankali ba zai ɗauka ba. A Fabrairun 2020 hukumar yankin Haute-Garonne ta ɗauki hayar jirgi mai saukar ungulu ya kwaso ƙanƙara tan 50 daga saman dutse zuwa filin Luchon-Superbagnères a tsaunukan Pyrénées, don kada a rasa hutun makarantu. Ministar muhalli ta lokacin, Élisabeth Borne, ta fito ta yi tir da abin. Hukumar ta kare kanta da cewa 'yan dubban Yuro ta kashe don ta ceci ayyukan mutane da dama. Ban goyi bayan jirgin ba, amma na fahimci wanda ya kira shi.

A Amurka manyan kamfanoni sun samo wata dabara da ta fi injin feshi ƙarfi, ita ce sayar da hunturu tun kafin ya zo. A 2008 kamfanin Vail Resorts ya fito da tikitin shekara mai suna Epic Pass a kan Dala 579, wanda ke buɗe wa mutum duk filayen kamfanin. Wani kamfanin, Alterra, ya biyo baya da nasa tikitin, Ikon Pass, a 2018. Ana sayen waɗannan tikitoci tun bazara da kaka, sannan aka tsawwala kuɗin tikitin yini guda har ya wuce Dala 200 a manyan wurare, don kowa ya gwammace ya biya tun da wuri. Da haka haɗarin rashin ƙanƙara ya tashi daga wuyan kamfani ya koma wuyan mai saye. Ga shi kuma filayen kamfanin a warwatse suke, idan gabas ta bushe yamma na iya yin fari. Iyalin da ke da dutse ɗaya a jihar Wisconsin ba su da wannan garkuwa. Hunturun 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da aka taɓa aunawa a Amurka zuwa lokacin, kuma a jihohin Michigan da Wisconsin da Minnesota sai da gwamnoni suka nema wa ƙananan 'yan kasuwa rancen gaggawa na gwamnatin tarayya saboda rashin ƙanƙara, ta ƙofar dokar da aka tanada don fari. Rance ne dai, kuma hunturu mai zuwa ne zai biya shi, idan ya zo da sanyi. Daniel Scott na Jami'ar Waterloo da Robert Steiger na Jami'ar Innsbruck sun ƙiyasta cewa sauyin yanayi ya jawo wa harkar zamiya ta Amurka asarar sama da Dala biliyan 5 tsakanin 2000 da 2019.

Ƙananan sun yi ƙoƙarin haɗa kai. A 2019 aka ƙirƙiro Indy Pass, tikitin da ke ba mutum kwana biyu a kowane ɗaya daga cikin filaye masu zaman kansu da suka shiga tsarin, a raba kuɗin gwargwadon inda mutane suka je. Wasu kuma sun fita daga neman riba gaba ɗaya. Mad River Glen a jihar Vermont mallakar masu zuwa wasa ne tun 1995, kowa ya sayi hannun jari. Bogus Basin da ke saman birnin Boise a Idaho ƙungiyar al'umma ce ke tafiyar da shi, duk abin da aka samu a mayar cikin dutsen. Irin wannan tsari yana cire mai jiran riba daga lissafi, yana kuma ba da damar a miƙa ƙoƙon bara ga jama'a a shekarar da ta ɓaci. Sanyi ne kawai ba ya iya kawowa.

A Turai, musamman Faransa, yawancin ƙananan filaye na ƙananan hukumomi ne, don haka tambayar ta zama ta siyasa: wa zai cike giɓin? Hujjar masu cewa a ci gaba da biya tana da ƙarfi. Ƙungiyar masu filayen zamiya ta Faransa takan ce duk Yuro 1 da aka kashe a tikiti yana jawo wasu 6 a otal da gidan abinci da shaguna, kuma ayyuka wajen 120,000 ne suka rataya a kan harkar. Idan haka ne, layin kujerun da ke faɗuwa yana iya zama kamar hanya ko kasuwa, abin da hukuma ke ɗauka don kowa ya ci. Akwai kuma abin da manyan filaye ba su cika son faɗa ba: a ƙananan ne ake haifar musu abokan ciniki. Yaron da ya koyi zamiya da arha a bayan garinsu shi ne zai girma ya biya tsada a babban fili irin Courchevel.

Amma hujjar tana da iyaka, kuma kotun da ke bin diddigin kuɗin gwamnati a Faransa ta nuna iyakar a rahotonta na Fabrairun 2024. Ta ce tsarin da aka gina tun shekarun 1960 da 1970, lokacin da gwamnati ta dasa garuruwan zamiya a kan duwatsu, numfashinsa na ƙarewa, kuma filaye kaɗan ne za su iya sa ran ci gaba bayan 2050. Ta soki yadda ake zuba kuɗin jama'a a injin feshi ba tare da duba ko wurin zai samu sanyin da zai biya jarin ba. Garin da ke da mutum dubu kaɗan, idan ya ɗauki rabin miliyan ya toshe ramin dutse duk shekara, daga makaranta da gyaran hanya da gidan tsofaffi ya ɗebo shi.

A Seyne-les-Alpes mutanen gari aka tambaya kai tsaye. Filinsu, Grand Puy, yana asarar wajen Yuro 350,000 a shekara, kuma masu zuwa sun ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara goma. A Oktoban 2024 aka kaɗa ƙuri'a, kashi 71 cikin 100 suka zaɓi a rufe. A watan nan dai hukumar yankin Matheysine ta yanke rufe Alpe du Grand Serre, fili mai shekara 85, bayan ta zuba kusan Yuro miliyan 2.8 tun 2017. Nan kuwa hukuncin ya faɗo ana saura 'yan makonni a buɗe, mutane sun riga sun yi odar kaya sun ɗauki ma'aikata, ayyuka wajen 200 na lilo. Aka yi ca, aka buɗe asusun gudummawa, gwamnati ta sa hannu, aka samu buɗe wancan hunturun. Wani masanin labarin ƙasa na Jami'ar Grenoble, Pierre-Alexandre Métral, ya ƙirga filaye 186 da aka rufe a Faransa, mafi yawansu ƙanana kuma a ƙasa-ƙasa.

Abin da aka fi ba su shawara shi ne su koma cin kasuwar bazara: keken dutse, yawon ƙafa, zamiya a kan dogo. Akwai inda hakan ya yi aiki. Ƙauyen St. Corona am Wechsel na Ostiriya, wanda bai yi nisa da Biyana, babban birnin ƙasar, ba, ya kwance manyan layukansa a 2014 ya gina hanyoyin keke da wuraren wasan yara, kuma ya farfaɗo. Sai dai kusancinsa da babban birni ya taimake shi, ba kowane ƙauye ke da wannan gata ba. Matsalar ita ce mai zamiya dole ya yanki tikiti kafin ya hau, mai yawon ƙafa kuwa ya zo da burodinsa da gorar ruwa ya hau kyauta. La Sambuy kanta tana da masu zuwa da bazara, har wata ƙungiyar mazauna ta tara sa hannu tana roƙon a bar kujerun su yi aikin bazara kawai, amma majalisa ta ga lissafin bai fita ba.

Wurin da ya fi burge ni shi ne Métabief a tsaunukan Jura, kusa da iyakar Suwizalan, inda ƙololuwa ba ta kai mita 1,500 ba. Masu tafiyar da shi sun sa an yi musu nazarin yanayin dutsensu, suka duba sakamakon, suka fito a 2020 suka gaya wa jama'a cewa zamiya a nan za ta ƙare tsakanin 2030 da 2035. Suka fasa sayen sababbin layukan kujeru da ba za su taɓa biyan kuɗinsu ba, suka zaɓi lallaɓa tsofaffin, suka karkatar da abin da ya rage zuwa abin da zai ciyar da yankin bayan ƙanƙara. Hakan bai hana zafi ba. A Satumban 2024 giɓin kuɗi ya tilasta rufe sashen Piquemiette, kusan kashi 30 cikin 100 na filin, tun kafin lokacin da aka tsara, kuma 'yan kasuwar wannan ɓangaren sun fusata ƙwarai. Duk da haka ina ganin tazara mai yawa tsakanin wanda aka ba shekara goma ya shirya da wanda aka sanar da shi a Oktoba cewa babu Disamba. Mai otal a Métabief ya san kada ya ci bashin shekara ashirin a kan hunturu. Na Alpe du Grand Serre ba wanda ya gaya masa.

Ko rufewar ma ba kyauta ba ce. Turakun ƙarfe da igiyoyi da ɗakunan inji suna nan tsaye a kan dutse, kuma kwance su kuɗi ne da garin da ya riga ya talauce zai nemo. Dokar tsaunuka ta Faransa ta 2016 ta wajabta kwance layin da aka daina amfani da shi, amma sababbin da aka ba izini bayanta ta shafa. A Italiya ƙungiyar kare muhalli ta Legambiente ta ƙirga kayayyakin zamiya sama da 250 da aka yi watsi da su. A Faransa ƙungiyar Mountain Wilderness ta shafe fiye da shekara 20 tana tara 'yan sa kai, su hau da injin yankan ƙarfe su sare turakun da suka yi tsatsa, su sauko da su guntu-guntu. A filin Céüze, kusa da garin Gap na Faransa, layukan sun tsaya tun 2018, kuma sai a ƙarshen 2025 aka fara cire su.